Shaidu Biyu a Gaban Alƙalin Giya

A hunturun da ya gabata, wata rana da sassafe, sa'ad da hazo ya lulluɓe gari har mutum ba ya bambance kuka da tsamiya daga nesa, Kawuna ya ɗauke ni daga Dingaya a cikin tsohuwar Camry ɗinsa 'yar 1999, irin wadda dillalan mota ke yi wa laƙabi da Fensul saboda sirantar fitilunta na baya, za mu Birnin Kudu dubiyar wani ɗan'uwa. Ba mu daɗe da miƙa hanya ba sai na ji injin yana gurnani kamar raƙumin da aka labta wa kaya fiye da ƙima, allurar agogon juyin inji ta wuce 3 tana neman 4, motar kuwa ta kafe a giya ta uku, ta ƙi shiga ta ƙarshe.

"Ka ji ta ko?" in ji Kawu. "Kullum da safe haka take yi mini, sai rana ta ɗaga sannan ta saki jiki. Yaron garejin can ya ce faiba ce ta ƙone, wai sai an sauke giyar an tafi kasuwar Ƙofar Ruwa."

Ban yi masa musu ba, domin ɗa ba ya gyara wa kawunsa zance a cikin motarsa. Amma wannan kalma ta "kullum da safe" ta tsaya mini a rai, gama faibar da ta ƙone, in ma tana da lokacin da ciwonta ya fi tsananta, to, sa'ad da mai ya yi zafi ya tsinke ne, ba da sanyin asuba ba.

Ya kamata tun da farko a yi wa kanikawanmu adalci. Ubanninsu a sana'a sun buɗe ido ne da Fijo, musamman 504 wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar Peugeot a 1975, da Landiroba, da manyan motocin kaya, dukansu masu giyar hannu da kuloci, waɗanda ba su da wani sirri da ya fi ƙarfin sifana da guduma. Giyar otomatik kuwa, ko da yake ta girmi mafi yawan masu tuƙa ta a yau, tun da kamfanin General Motors na Amurka ya fito da ita a 1939 a cikin motar Oldsmobile da sunan Hydra-Matic, ba ta cika ƙasarmu ba sai da kasuwar motocin Beljiyam ta bunƙasa ta tashar Kwatano, aka shiga kwararo mana Honda da Toyota waɗanda suka gama ƙuruciyarsu a titunan Amurka. Motocin suka riga iliminsu isowa. Saboda haka har yau, a tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, kowace irin gardama giya ta yi, fatawar da aka fi saurin bayarwa ɗaya ce: a sauke, a canja. Ni kuwa abin da na haƙiƙance shi ne, jinkirin sauya giya, a mafi yawan lokuta, laifin wasu ne ake rataya wa akwatin giya.

Ga yadda abin yake. A cikin wannan akwati akwai famfo wanda inji ke juyawa, yana tura jan mai da ƙarfi ta cikin wani faranti mai ƙananan hanyoyi birjik kamar gidan tururuwa, wanda kanikawa ke kira balbodi. Shi wannan mai shi ne ke matse faifayen faiba, su kama wani sashe na haƙoran giya su saki wani, kuma da wannan kamawa da saki ne ake samun giya ta ɗaya, da ta biyu, har zuwa ta ƙarshe. To, amma yaushe ne lokacin sauyawa? A nan ne giya take zama kamar alƙali a majalisa, wanda bai ga abin da ya faru da idonsa ba, sai dai ya yanke hukunci bisa abin da shaidu suka faɗa masa. Shaidun kuwa biyu ne. Na farko yana ba da labarin gudun da mota ke yi, yana cewa, "Mun yi sauri, a hau gaba." Na biyu yana ba da labarin yadda direba ya taka totur, yana cewa, "Maigida na neman ƙarfi, a dakata tukuna." Duk sa'ad da maganar na farko ta rinjayi ta na biyu, sai giya ta sauya. Shi ya sa lafiyayyar mota, in ana tafiya a hankali, takan sauya allura na tsakanin 2 da 3, amma in aka danne totur don a wuce tirela, sai ta riƙe giyar har allura ta yi sama, wannan kuwa ba ciwo ba ne, biyayya ce. Idan mai karatu ya riƙe wannan misali, mas'alar ta zo da sauƙi: jinkiri na faruwa ne in shaidan gudu ya rage abin da ya gani, ko shaidan totur ya yi ƙari a kan nasa. Alƙalin da aka yi wa shaidar zur kuwa, ba tuɓe masa rawani ya kamata a fara yi ba, shaidun ya kamata a tsare da tambaya.

Kafin a kai ga shaidu, wajibi ne mai mota ya san wane ciwo yake ƙara a kai, domin cuta uku ce mutane ke haɗawa su kira da suna ɗaya, wato "ba ta canja giya". Akwai jinkiri na haƙiƙa, inda inji ke ƙara kuma mota na ja daidai da ƙararsa, sai dai sauyin ya makara, in ya zo kuma sau da yawa ya zo da duka, har fasinja ya gyaɗa kai ba da niyya ba. Akwai zamewa, inda allura ke tashi fuu amma gudun bai ƙaru ba, kamar mai taka keke wanda sarƙarsa ta zame. Wannan ita ce alamar ƙarancin mai ko cinyewar faiba. Akwai kuma nawar kamawa, inda za a sa D ko ribas a tsaye, a ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, sannan a ji ta kama. Ta farko yawanci daga waje take, kuma da arha ake rabuwa da ita. Ta biyu ita ce abin tsoro. Wanda ya iya bayyana wa bakanike wace ce daga cikinsu, da kuma ko da sanyi take yi ko da zafi, ko a wace giya, ya riga ya yi rabin aikin, ya kuma tsare rabin kuɗinsa.

Tartibi shi ne a fara da abin da ba ya cin ko kwabo. A jikin sandar giyar Toyota akwai ɗan maɓalli wanda in aka taɓa shi fitilar O/D OFF ke kamawa, motar ta daina shiga giya ta huɗu ɗungurungum. Wasu kuma suna da na PWR, wanda aikinsa ke nan ya jinkirta sauyi don a sami ƙarfi. A Honda kuwa D3 na maƙwabtaka da D4, hannu na iya zarcewa. Na san gidan da aka kwana biyu ana jimamin giya, ashe yaro ne ya yi wasa da maɓalli.

Daga nan sai mai, wanda a gare shi ne ya kamata a daɗe. Ana auna shi ne bayan mota ta yi tafiya ta ɗumama, a kan shimfiɗaɗɗen wuri, ba a gangaren bakin kwalta ba. A Toyota da mafi yawan motoci, ana barin inji a kunne, a taka birki, a zagaya sandar giya ta kowane matsayi, a mayar da ita P, sannan a zaro gejin man giya. Amma tsofaffin Honda sun saɓa wa jama'a, su sai an kashe inji, a auna kafin minti ɗaya da rabi ya wuce, kuma rashin sanin wannan hilafi ya sa an cika wa Honda da yawa mai fiye da haddi. Ƙarancin mai na sa famfo ya zuƙi iska, ƙarfinsa ya faɗi. Yawansa kuma na sa ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta matse komai. In an zaro gejin, a ɗiga man a kan farar takarda, a duba, a kuma sansana. Lafiyayyen mai ja ne garai-garai kamar zoɓon da aka tace. Wanda ya koma ruwan ƙasa ya tsufa, yana neman canji. Wanda ya yi baƙi, yana ƙauri kamar ƙanzon tuwon da aka manta a wuta, yana ba da labarin faibar da ta soma ƙonewa. In kuwa ya yi fari-fari kamar an dama shi da nono, to, ruwan lagireto ne ya ɓalle ya shiga, domin ta cikin lagireto man giya ke bi ya sha iska. Irin wannan mota a kashe ta nan take, don ruwa yana ɓamɓare faiba daga jikin ƙarfenta.

Sa'an nan ba kowane jan mai ba ne man kowace giya, kamar yadda ba kowane farin gari ba ne na tuwo. Dexron, wanda General Motors ya fara fitarwa a 1967, shi ne ya fi yawa a shaguna, kuma na ukunsa ya dace da irin Camry ɗin Kawu. Amma Toyotocin da suka biyo baya suna neman T-IV, na bayansu kuma WS, Honda kuwa tana da nata, Z1 da magajinsa DW-1. Sau da yawa an rubuta sunan a jikin gejin kansa, ba mai karantawa. Abin da ya fi wannan muni shi ne ɗura baƙin mai na inji, ko kakkauran man giyar hannu, da hujjar wai ƙasarmu da zafi, jan mai ya cika ruwa-ruwa. Wannan ƙiyasi ne ɓatacce, domin hanyoyin balbodi wasunsu ba su fi ƙofar allura da yawa ba, mai kauri ba ya ratsa su a kan kari, jinkirin da ake gudu shi ake sayowa da kuɗi. In za a canja mai, a kwance ƙusar ƙasa a tsiyaye abin da ya fito, wajen lita biyu da rabi zuwa uku, wanda bai kai rabin abin da ke ciki ba ko kuwa ya yi daidai da rabin, a mayar da sabo gwargwadonsa, a yi 'yan kwanaki ana hawa, a maimaita. A Toyota ana iya cire farantin ƙasa a wanke matatar da ke ciki. A kan farantin akwai ƙananan maganaɗisu, in an tarar da laushin toka-toka a jikinsu wannan al'ada ce, in kuwa ɓarɓashin ƙarfe ne mai ƙyalli, to, shari'a ta canja.

Yanzu ga shaidun. A motocin da suka fi tsufa, kamar Corolla mai giya uku da Marsandi 190 da V-boot, shaidan totur waya ce ta ƙarfe wadda ta taso daga maƙogwaron inji ta gangara zuwa giya. In bakanike ya kwance wajen don wanke-wanke ya mayar da ita a ɗame, ko ƙura da tsatsa suka riƙe ta ba ta komawa, sai giya ta ɗauka direba ya danne totur alhali ɗan taɓawa ya yi, ta yi ta jira. A Toyota masu wannan waya, maƙera sun dasa wani ɗan ƙulli a jikinta, wanda bai kamata ya yi nisa da bakin robarsa fiye da milimita ɗaya ba. Wanda ya san wannan, da sifana biyu zai gama gyaran kafin shayi ya huce. Sai dai a yi hattara da sassauta ta fiye da ƙa'ida don neman sauyi mai laushi, gama ita ce kuma ke ƙayyade ƙarfin matsin mai, in ta yi sako-sako faiba za ta riƙa zamewa a ɓoye har ta ƙone. Wasu tsofaffin motocin Amurka da Marsandi kuma suna da ɗan gwangwani a gefen giya wanda siririn tiyo ya haɗa da zuƙar iskar inji. Tiyon ya tsage saboda zafi da tsufa, sauyi ya zo da duka, a na Amurka har da jinkiri. Shaidan gudu a irin waɗannan motoci sunansa gwamna, ba na Dutse ba, wani ɗan ƙarfe ne mai juyawa tare da sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyi, wanda dattin tsohon mai kan maƙale shi, ya yi ta rantsuwa cewa mota ba ta gudu alhali itatuwa na wucewa.

Motocin da suka zo daga baya sun sa wakili tsakanin shaidu da alƙali, wato ƙwaƙwalwar mota, shaidun kuma suka koma na'urorin lantarki: sensa ɗaya a maƙogwaron inji tana auna buɗewar totur, wata a jikin giya tana ƙirga juyi, ƙwaƙwalwa ta haɗa lissafi ta umarci wasu ƙananan ƙofofin mai masu aiki da wuta, solonoyid, su buɗe ko su rufe. Sensar totur takan cinye daga ciki daidai wurin da ƙafar direba ta fi zama. Ta gudu in ta mutu, a wasu motoci agogon gudu ma yakan kwanta tare da ita. Kada kuma a raina ɓera, musamman ga motar da ke kwana kusa da rumbu ko buhunan riɗi, ko mai wankin mota da ke feshe inji da ruwa mai ƙarfi har cikin soket. Idan ƙwaƙwalwa ta rasa shaidar da za ta amince da ita, sai ta kulle motar a giya ɗaya don ta ɗingisa zuwa gida, ta kuma yi ishara: a Honda fitilar D4 ta riƙa ƙiftawa, a Toyota ta O/D OFF. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona sikana, motar ta faɗi abin da ke damunta da lamba: P0500 na nuni ga ma'aunin gudu, P0120 ga na totur, P0750 da P0755 ga solonoyid. Lambar ishara ce ga unguwar da ɓarawo yake, ba ta kama hannunsa, don sau da yawa wayar ce ta tsinke, sensar lafiyarta lau. Amma duk da haka, kuɗin zuwa wurin mai sikana, ko da sai an dangana da Dutse ko Kano, bai kai ko kusa da kuɗin giyar Beljiyam ba.

Akwai kuma shaidan da ke faɗin gaskiya amma hukunci ya fito a karkace, kuma wannan ya fi kowanne yaudarar mutane. Injin da ya raunana, saboda matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu, ko famfon fetur ya gaji, ko fulogi sun mutu, ko an sha gurɓataccen man bumburutu, ko kuwa saƙar nan ta cikin salansa da ake kira indomi ta narke ta toshe hanyar hayaƙi, yakan tilasta wa direba ya ƙara taka totur ba tare da ya sani ba don ya sami gudun da ya saba. Giya ta ga ƙafa ta nutse, ta riƙe ƙaramar giya kamar yadda aka hore ta. Haka nan motar da aka yi wa mutum biyar aka ɗora mata tara da buhu uku a but. A nan, wallahi, ko giya goma aka canja jinkirin na nan.

Da muka fito daga dubiya, na lallaɓi Kawu muka biya wurin wani dattijon bakanike da na sani a gefen gari, mutum mai ƙarancin magana wanda ya yi shekaru a Kano kafin ya dawo gida. Bai taɓa sifana ba. Ya zaro geji ya shafa a bayan wata tsohuwar rasit, ya ɗaga ta sama ya duba, ya kai hanci, ya ce man ya tsufa amma bai ƙone ba. Ya leƙa ta taga, ya tarar allurar zafin inji na kwance can ƙasa ko da yake mun yi tafiya, ya saurari fankar lagireto wadda ta tashi tun da aka murza makulli, sannan ya juyo.

"Alhaji, wa ya cire maka tamostat?"

"Tun ranar da ta iso aka cire, Malam. An ce na ƙasar ƙanƙara ne, a nan zafi yake jawowa. Fankar ma aka haɗa ta kai tsaye."

"To, Allah ya ba ka haƙuri, giyarka ba ta yi laifin komai ba. Jira take inji ya yi ɗumi, ku kuma kun hana shi."

Bayaninsa ya yi daidai da abin da maƙeran motar suka tsara. Ƙwaƙwalwar irin wannan Toyota ba ta yarda a shiga giya ta huɗu sai ruwan inji ya kai kimanin digiri 60, don inji ya yi saurin ɗumama. Tamostat kuwa, ɗan murfin da ke tsare ruwa kada ya zagaya lagireto sai ya kai wajen digiri 82, shi ne ke kai shi can cikin 'yan mintoci. An cire shi, an sa fanka na busawa ba dare ba rana, ga iskar hunturu na dukan lagireto a kan buɗaɗɗiyar hanya. A watan Afrilu ba wanda zai lura, amma a Janairu inji sai ya yi tafiyar rabin sa'a yana rawar ɗari, yana kuma shan fetur fiye da rabonsa. Wannan al'ada ta cire tamostat ta zama taƙlidi a garejinmu, yaro ya gada daga maigidansa ba tare da ya tambayi dalili ba, alhali motar da ke zafi da tamostat mai lafiya, lagiretonta ne ya toshe ko fankarta ta gaza.

Ba na cewa giya ba ta mutuwa; tana mutuwa, kuma alamominta ba ɓoyayyu ba ne: baƙin mai mai ƙauri, ɓarɓashi a faranti, zamewar da ke ƙaruwa in rana ta take, ribas da ya tafi bai dawo ba. Wanda hakan ta same shi, in zai sayi ta Beljiyam a Ƙofar Ruwa, ya tafi da lambar da ke jikin tasa, gama giya biyu kan yi kama kamar tagwaye amma soket ɗinsu ya saɓa. Ya nemi sharaɗin kwanakin gwaji a gaban shaida. Ya kuma tabbata an wanke bututun da ke kai mai lagireto kafin a ɗaura, in ba haka ba dattin mamaciyar zai shiga cikin amaryar tun daren farko.

Dattijon ya aiki yaronsa ya nemo tamostat, ya mayar da fanka kan makunninta, ya tsiyaye mai ya zuba sabo, duka kafin la'asar. Da Kawu ke ƙirga masa kuɗi, sai ya hango igiyar ja a naɗe cikin but, ya ɗaga ta da yatsa biyu.

"Wannan kuma ta mece ce, Alhaji?"

"Ko da za ta mace a hanya."

"In ta mace, a ɗauke ta a kan mota, ko a ɗaga ƙafafun gaba. In inji ba ya juyawa famfo ba ya ba da mai, ka ja ta daga nan zuwa Gwaram ka dafa giyar da hannunka. Turi ma ba ya tayar da irinta, kada ka wahalar da yaran unguwa."

Washegari bayan sallar asuba Kawu ya aiko a kira ni, wai in zo mu gwada. Hazon ya fi na jiya. Kafin mu wuce gonakin bakin gari allurar zafi ta tashi ta tsaya a tsakiya, muka hau hanya, na ji ɗaya, biyu, uku, sannan wani ɗan sassauci kamar an sauke numfashi, allurar juyi ta faɗo ƙasa da 3. Kawu bai ce komai ba, sai ya miƙa hannu ya kunna rediyo, muka kama labaran safe daga tsakiya.